Kular Baba Takan Dawo Wayam

Direbobin kamfanin bas suna kiran Baba da suna Tirela, shi kuma ya amsa yana shafa tumbi. Ƙaton mutum ne, in ya zauna a kujerar direba sai sitiyari ya zama kamar faifai a hannunsa. Tun ban san kaina ba yake jan doguwar bas ɗin da ke tashi daga bakin kasuwa zuwa asibitin koyarwa, kuma ko madubin wani bai taɓa gogewa ba. Wannan ne abin taƙamarsa a duniya, sai kuma mu.

Da aka yi gwajin lafiyar direbobi, likitan kamfani ya ce nauyinsa ya yi yawa ga mai ciwon sukari, in bai rage ba kafin gwaji na gaba za a sauke shi daga tuƙi. A gida abin da Baba ya faɗa kawai shi ne, "An ce in ɗan rage tumbi." Muka yi dariya, Umma ta ce ai sai dai a kira kafinta ya sassaƙe shi.

Abinci da magani sashen Umma ne, ba a shiga mata. Tun ranar da aka ce mata kada ya tsallake ƙwayarsa ko sau ɗaya, ta riƙe maganar da hannu biyu. Da safe za ta tsaya a kansa da kofin ruwa har sai ta ga maƙogwaro ya motsa, sannan ta miƙa masa kula cike da shinkafa. In ta yi maganar karin kumallo ya ce a tasha zai karya. Da yamma kula ta dawo wayam, a wanke tas, ya ce ya ƙoshi, shayi kawai zai sha.

Abin da ba mu sani ba, direbobi ba sa cin abinci su kaɗai. Da rana kowa yakan buɗe kularsa a kan bencin da ke bayan ofis, a sa cokali tare. Baba sai ya ajiye tasa, ya ce zai duba taya, ya koma cikin bas ya ci dafaffen ƙwai ɗaya da kokwamba, ya kora da baƙin shayi. Abincinsa na yini ke nan. Abokinsa Dogo, wanda ko giwa ya ci ba za a ga inda ta shiga ba, shi ke share kular har ya wanke masa.

Ya kuwa rame da sauri. Wuyan rigarsa ya saki, ya huda wa bel sabon rami da ƙusa. Umma tana murna, tana cewa ashe rage mai a miya da ta yi ya yi aiki. Ni dai na ga ya daina tsokanata, ga saurin fushi, ga jin sanyi ana tsakar zafi. Na tambaye shi, ya ce, "Ke da Ummanki ba a iya muku. Na yi ƙiba kun yi magana, na rame kun yi magana."

Wata Laraba da hantsi ina shagon da nake aiki, Dogo ya kira ni. Ya ce in zo asibiti, Baba ya faɗi, amma da ransa.

Fasinjoji ne suka ba da labarin. Ana gangarowa daga gada sai suka ga gumi na zuba masa, hannunsa na rawa. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi a hankali, ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofofi, sannan ya kife a kan sitiyari. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu.

Likitar da ta karɓe shi ta ce sukarinsa ne ya faɗi ƙasa warwas. Ta tambayi Umma ko yana shan magani.

"Ko rana ɗaya bai tsallake ba, da hannuna nake ba shi."

"Abinci fa?"

"Kularsa kullum wayam take dawowa."

Dogo na tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Ya ce wa Umma, "Yaya, ni nake cinyewa. Ya ce kada in faɗa miki."

Na so in rufe Dogo da faɗa, sai na ga yadda Umma ta zauna a bakin gado tana kallon tafin hannunta, na fasa. Likitar ta yi mata magana a hankali. Ta ce ƙwayar aikinta sauke sukari, in babu abinci a ciki sai ta sauke shi fiye da kima. Ta ce irin wannan matse ciki ba a yinsa sai likita na bibiya, na ɗan lokaci, bayan an gyara magani.

Ta juya ga Baba. "Da ka zo, da mun tsara maka, na rubuta wa kamfaninku su ba ka lokaci."

Baba ya juya fuska bango. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Kamfani bai jira gwaji na gaba ba. Direban da ya suma da fasinjoji ba a sake ba shi makulli, ko da ya ajiye motar da kyau. Aka yi masa godiya, aka sallame shi.

Daga nan muka bi hanyar da aka nuna mana. Ci sau uku, ganye ya cinye rabin faranti, lemon kwalba ya bar gidan, da safe mu taka ni da shi har ƙarshen layi mu dawo. Nauyin ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, ba jiri, ba rawar hannu. Bayan watanni ya kai abin da likitan kamfani ya nema, har ya wuce, sai dai babu mai tambaya.

Ranar da za mu koma ganin likita babu abin hawa sai bas ɗin da Baba yake ja a da. Dogo ne a kujerar direba. Da ya ga Baba, sai ya miƙe rabi.

"Zauna mana, kana tare hanya," in ji Baba.

Muka samu wuri a tsakiya. Ina kallon ƙafar Baba ta dama, duk inda za a tsaya sai ta danna ƙasa tun kafin Dogo ya taka birki, in an tashi ta saki a hankali. Bai san yana yi ba. Da ya ga inda idona yake, ya ja ƙafar ya cusa ƙarƙashin kujera.

Saura tasha biyu mu kai ya miƙe, ya danna ƙararrawa.

"Baba, ba mu iso ba."

"Na sani," ya ce, bai kalle ni ba. "Likita ta ce in yawaita tafiya a ƙasa."