Zuwa Gaida Iyaka

A hawa na biyu ƙafar Farfesa ta ƙi. Ya rungumi ƙarfen matakala ya tsaya yana haki, Auta kuwa yana ƙasa da shi, jaka a wuya, hannuwa a buɗe kamar mai jiran a miƙo masa jariri.

"Baba, mu koma sama. Wallahi ba za ka iya tafiyar nan ba."

"To kai da ka iya, gyara min wuyan rigata," in ji tsohon.

Su biyun malaman Turanci ne a ƙasar waje, a wata makarantar koyon harshe da ke saman kantin sayar da wayoyi, kuma maƙwabta ne a benen da makarantar ta kama wa malamanta, ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki ɗaya, risho ɗaya. Farfesa ba shi da digirin komai. Ɗalibai ne suka liƙa masa sunan saboda ko zuwa zubar da shara sai ya sa kwat. Auta ma ba autan kowa ba ne, furfura ta riga ta fara cin gemunsa, amma shi ne na ƙarshe da ya iso daga gida, kuma tun ranar da tsohon ya ji shi yana zagin famfon da ya ƙi ruwa da Hausa ya ce ya samu ɗan auta.

Makarantar ba ta taɓa yi musu takardar izinin aiki ba. Shugabarta, wata mata mai zaƙin baki da turare mai hawa kai, amsarta ɗaya ce shekara da shekaru: ana kan yi. Saboda haka da takardar baƙi 'yan yawon buɗe ido suke zaune, wadda ke ƙarewa duk bayan 'yan watanni. In ta zo ƙarshe, sai mutum ya hau doguwar mota zuwa kan iyaka, a buga masa tambarin fita, ya taka da ƙafarsa ya shiga ƙasar maƙwabta, ya juyo a buga masa na shiga, ya dawo aji kamar bai je ko'ina ba. Malamai na kiran wannan wahala zuwa gaida iyaka. Yau takardar su biyun take cika.

Tun farkon zangon karatu ciwon ya kama Farfesa. Da farko ya koma koyarwa a zaune, daga baya a jingine, har Auta ya riƙa ɗaukar masa ajin yamma a ɓoye. Auta ya ba shi shawarar ya ƙyale takardar ta mutu, wa zai hau bene neman tsoho a kan gado? Farfesa ya ce shi ya taɓa ganin inda ake ajiye waɗanda takardarsu ta mutu, ɗaki ne mai benci da fitilar da ba a kashewa, kuma tunda gidan da sunan makaranta aka kama shi, shugabar da kanta za ta buga wa hukuma waya, tana yi tana ba da haƙuri. Da Auta ya ce to ya koma gida mana, sai tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, gidan gado an sayar an raba, 'yarsa ɗaya tilo kuwa in ta kira shi gaisuwa take yi irin ta surukai, a gama a ajiye. Abin da ya rage masa a duniya ɗakin nan ne mai taga ɗaya, kuma a cikinsa yake so a zo a same shi.

Da ƙyar suka sauko. Mai wanki da guga na ƙasan benen yana ɗaga ƙofar shagonsa, ya gaida Farfesa da Turancin da ya koya a wurinsa kyauta, ya tambaye shi jiki. Farfesa ya miƙe ƙyam ya ce garau yake. Sai da suka sha kwana ya saki nauyinsa a kafaɗar Auta, kuma nauyin bai fi na kwandon wanki ba. Nan Auta ya ji tsoro na gaske.

A mota, da iska ta ɗan taɓa shi, bakin tsohon ya buɗe. Ya ba da labarin ƙasar da ya koyar inda sanyi ke daskarar da tawadar biro, da wadda ya koya wa ma'aikatan otal gaisuwa a ɗakin ajiye tawul, da wadda aka kore shi saboda iyaye sun ce ba irin fuskarsa suka biya kuɗi su gani ba. Auta ya ji labaran nan har ya haddace su, amma yau bai katse shi ba. Farfesa ya ce ya koya wa rabin duniya yadda ake tambayar hanyar tasha da yadda ake kama ɗaki a masauki, kuma darasin da ya fi tsana shi ne na farko, wanda yara ke juyowa su tambayi malami daga ina yake.

Kan iyakar ofisoshi biyu ne, tsakaninsu wata doguwar hanya da aka kange da waya, babu benci, babu inuwa, mota ba ta shiga. Kowane malami ya san ƙa'idar da ba a rubuta ba: wanda aka ga ana riƙe da shi, ɗakin duba lafiya ake tura shi, wanda ya shiga ɗakin nan kuwa ba ya fitowa da tambari. Saboda haka a bakin ƙofa Farfesa ya cire hannun Auta daga jikinsa, ya ciji leɓɓansa don su yi jini, ya murza kumatu, ya ce masa ya bi shi a baya kuma kada ya kuskura ya taɓa shi.

Auta ya bi shi yana kallon ƙeyarsa. Tsohon na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwaryar ruwa cike, bakinsa na motsi, da Auta ya matso sai ya ji ashe darasin 'yan aji ɗaya yake jerowa don ya daidaita taku. Suka fita, suka shiga ƙasar mutane, suka zagaya wata tukunyar fulawa da ta bushe, suka juyo. A dawowa gumi ya jiƙa bayan kwat ɗin gaba ɗaya, sau da yawa Auta yana miƙa hannu yana janyewa.

Jami'in da ke tagar shiga saurayi ne. Ya yi ta buɗe fasfon Farfesa yana neman wurin da babu tambari, ya ɗago ya dubi tsohon, ya tambaye shi da Turanci me ya kawo shi ƙasar. Turancin a karye yake, kuma Auta ya ga yadda Farfesa ya haɗiye gyaran, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Tsohon ya ce yawon buɗe ido. Saurayin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga tambari ya buga.

Sai da suka zauna a motar komawa tsohon ya buɗe shafin ya duba.

"Ka ga mutanen nan da kyauta, Auta. Watanni suka ba ni."

"Allah Ya sa ka cinye su lafiya, Baba."

"Kai dai kwance min igiyar takalmi." Auta ya sunkuya ya kwance. Da ya ɗago, tsohon ya kama hannunsa. "Ko me ya faru, kada ka bar ni a garin da ba a san ni ba. Ka kai ni ɗakina."

Auta ya ce ya daina irin wannan magana, ya shiga ba shi labarin wani ɗalibinsu, direban tasi, wanda ke barci a aji yana amsa tambaya cikin barcin. Farfesa ya yi murmushi, ya kwantar da kai a kafaɗarsa. Mota ta wuce gonaki, ta wuce wata masana'anta mai hayaƙi, Auta na ta zuba. Can ya kai wurin da tsohon ya saba yin dariya, bai ji komai ba. Ya saurara. Ya kai bayan hannunsa kusa da hancin tsohon, ya daɗe a haka. Rai ya riga ya yi halinsa.

Ya yi salati a hankali, ya shafa idanun suka rufe, ya sa tafinsa a ƙarƙashin haɓar don kada bakin ya buɗe. Ya ɗago zai kira direba, sai ya hango shingen 'yan sanda a gaba, da wani ƙaramin gari mai gidan mai ɗaya. In ya yi magana, a nan za a sauke su. A nan za a sa tsohon a wata durowa mai sanyi ta ɗakin ajiye gawa, waɗanda ba su san ko wace alƙibla yake kallo ba su binne shi yadda suka ga dama. Auta ya fasa kiran direban. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga tsoho mai kwat yana barci a kafaɗar ɗansa, ya ɗaga wa direba hannu.

Matar da ke kujerar gefe ta tsawatar wa 'yarta da ke waƙa, ta nuna mata kakan da ke barci. Da aka tsaya hutawa kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, Auta bai motsa ba, matar ta dawo ta miƙa masa gorar ruwa biyu. Ya karɓa da hannun hagu ya gode, hawaye na zubo masa, ita kuwa ta ɗauka gajiya ce ta kawar da kai.

Kafaɗar Auta ta mutu. Ya shiga lissafin yadda zai cika alkawarin, kuma duk inda ya ɓullo sai ya tarar da bango. Babu mai tasin da zai ɗauki gawa. Ko an ɗauka, wa zai kama masa su hau benen nan? Ko sun hau, kafin mako ya zagayo shugaba za ta sa a wanke ɗakin a kawo sabon malami da sabuwar jaka. Ya san ba zai kai shi ba, ya kuma san tun a shingen ya sani. Nasa fasfon na aljihun gaba yana tokare masa ƙirji, da tambari iri ɗaya da rana iri ɗaya, kuma in takardar ta sake cika shi kaɗai zai hau motar nan.

Rana ta yi ja lokacin da suka shiga tashar garinsu. Mutane suka sauke jakunkuna suka fita ɗaya bayan ɗaya, matar ta ɗaga masa hannu, direba ya kashe inji. A harshen ƙasar Auta ya iya tambayar farashi, ya iya cewa akwai sauka, amma bai taɓa koyon yadda ake cewa mutum ya rasu ba. Direban ya ɗauko leda ya taho daga gaba, yana tsince gorunan da aka bari kujera bayan kujera, Auta kuwa yana zaune a ta baya, tafinsa a ƙarƙashin haɓar tsohon.