Abin da Kyamarar Nana Ta Ɗauko

Tun da aka aiko da gayyatar nan Nana ta rasa sukuni. Islamiyyar unguwar Hashimi za ta yi walimar sauka ranar Asabar, wanda zai buɗe taro da karatu kuwa Fakhruddeen ne, ɗanta na fari, wanda ke shirin tafiya Madina karatu a satin. Sai dai ita ba ta taɓa kiransa ɗanta ba, ba ta ma kama sunansa. "Yaron nan" take cewa, kowa kuma ya san wanda take nufi.

Gidansu tsofaffin mutanen Suleja ne, kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Ranar da aka yaye shi gwaggonsa Daso ta goya shi ta tafi da shi Hashimi, can ya girma. Daso yake kira Mama, Nana kuwa Yaya yake ce mata kamar kowa. Ranar walima Daso ce za ta hakimce a sahun gaba ana yi mata barka. Nana in ta kuskura ta leƙa, dangin miji sun sami abin hira na shekara guda. Mutane za su ɗauka a waya, gaskiya ne, amma da wane baki za ta ce a tura mata? Abin yana ci mata rai ƙwarai, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa.

Dabara ɗaya ta faɗo mata. Aminiyarta Sakinatu tana da bene a Hashimi, daga samansa ana hango filin makarantar, ko da yake mutane kan zama kamar tururuwa don nisa. Ta taɓa gwadawa da wayarta, ta ja hoton da yatsu biyu, abin da ya fito ba ka ce ga mutum ga buhu ba. Don haka ranar Alhamis ta saka hijabi, ta tare ƙanenta Ja'afar kafin ya kama motar Abuja, ta ce ya raka ta sayen kyamara.

Kuskurenta na farko ke nan. Ja'afar mutumin kirki ne, amma tun da ya fara aiki a ofis a Abuja babu abin da bai sani ba a duniya. Daga unguwarsu Kwamba har bakin kasuwa, cikin keke, wa'azi yake yi mata.

"Yaya, wa yake sayen kyamara a zamanin nan? Ki canja waya kawai. Me ma za ki ɗauka?"

"Abu."

"Wane abu?"

"Abu mai nisa."

Shagon na wani Cletus ne, ɗan kudu da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa, duk da tana ɗan karkacewa. Ya share mata benci ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Biki ne ko suna?"

"Wadda take jawo abu daga nesa nake so. Ta yi bidiyo kuma."

Cletus ya shiga ciki ya fito da wata baƙar kyamara mai dogon baki kamar taɓarya, ya ɗora mata a cinya. Nana ta ɗaga ta da hannu biyu, ta hango kanta tana ratsa unguwar Daso da wannan abu a kafaɗa, yara na binta a baya.

"Wannan ai sai ɗan jarida. Ƙarama nake so, wadda za ta shige cikin hijabi."

Mazan biyu suka dubi juna. Cletus ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ko Oga ne za a bi? Ni ba ruwana o."

Ranta ya ɓaci, amma ta haɗiye. Ya kawo wata 'yar ja, sirit kamar sabulun wanka. Ta yi kyau a hannu, sai dai da ta nufi ƙetaren titi da ita, ko mai rake da ke bakin kwalbati ba ta kawo ba. Ya kawo ta uku, tsohuwar yayi, tana jawowa sosai amma bidiyonta dishi-dishi. Ta huɗu batirinta ya mutu a hannunta tun ba ta gama dubawa ba. Ta biyar duk maɓallin da ka taɓa sai ta yi ƙara kamar ɗan tsako. Zufa ta jiƙa wa Nana wuya, fankar shagon ba ta juyawa don babu wuta, Ja'afar kuwa ya sami abokin hira. Shi da Cletus suka shiga Turanci, wannan ya ambaci lamba wancan ya ambaci wadda ta fi ta, kamar ba ita ce mai saye ba.

"Yaya, wannan ce ta fi," in ji Ja'afar, yana nuna mai dogon bakin nan ta farko. "Kwaliti ake dubawa. In kin faɗi abin da za ki ɗauka ai da tuni mun gama. Tsuntsu ne? Fili kika saya a Garam?"

Kalma biyu ce kawai, "ɗana ne", za ta raba gardamar, amma shekara ashirin da wani abu harshenta bai saba da su ba.

"Kai, Ja'afaru, ba ka makara ba ne? Tafi aikinka."

Bayan ya tafi yana gunaguni, Cletus ya ɗan dube ta, ya jawo wani aljihun tebur ya fito da wata baƙa, ba ta fi tafin hannunta ba. Ya kunna, bakinta ya zuro waje a hankali. Ya nuna mata wani ɗan abin murzawa a sama. Ta karɓa ta nufi ƙetaren titi da ita ta murza, sai ga mai rake ya taho, ya taho, har ta ga gibin haƙorinsa. Ta wuce shi, ta kamo wata mata can a saman wani bene tana shanya, har zanen atamfarta ya fito.

"Wannan nake so," in ji Nana.

"Jan maɓallin nan shi ne bidiyo. Ki jingina hannu a kan wani abu, in ba haka ba hoto zai yi ta rawa. Amma Hajiya, maganar murya fa, ita wannan..."

"Na ji. Saka min a leda."

Ta gaji da bayani, kanta na sarawa. Ta biya ta fito ba ta waiwaya ba.

Ranar Asabar tun da hantsi tana saman benen Sakinatu, ta durƙusa a bayan tankin ruwa, ta ɗora gwiwar hannu a kan katanga. Sakinatu ta hawo da ruwan sanyi tana tsokanarta, wai uwar wani ce yau ta zama ɓarauniyar kallo. Nana ta harare ta, ita kuwa ta sauka tana dariya. A ƙasa, a gidan maƙwabta, injin niƙa ya tashi. Lasifikokin makarantar duk sun juya wa benen baya, abin da ke isowa sai guntu-guntu in iska ta ga dama.

Ta danna jan maɓalli ta murza. Rumfuna suka taho, ta wuce Daso da gwaggwaronta a sahun gaba, ta yi ta lalube har ta same shi. Farar jallabiya, hula ta ɗan karkace, ya sunkuyar da kai yana gyara abin magana. Ba ta taɓa kallon fuskarsa haka ba. A gida in ya zo gaisuwa, gefe take duba ta amsa a taƙaice. Yau ga shi ya cika mata tafin hannu, har da ɗan tabon da ke gefen girarsa, wanda sai labarinsa ta ji lokacin da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Leɓunansa suka fara motsi. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a durƙushe ba, sai da ta tashi ta ji ƙafafunta sun mutu.

Da ta koma Kwamba ta kulle ɗaki ta kunna. Hoto ya fito tas, babu abin da za a ce. Karatu kuwa babu shi. Iska ce ke bugawa fuu, injin niƙa na ta ɓaɓatu, sai kuma wata murya kusa-kusa, ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"Ɗago kanka mana. Fakhruddeen, ɗago in gan ka. Yauwa. Allah ya tsare min kai, Fakhruddeen."

Ta saki kyamarar a kan katifa kamar ta taɓa garwashi. Ashe abin da Cletus ya so faɗa mata ke nan: na'urar, ido kawai take jawowa, kunnenta yana nan inda mai riƙe da ita yake. Duk wahalar nan, duk zufar nan, ta dawo da bakin da ke motsi babu karatu, ga kuma abin kunya a kai. Ta yi ta danne-danne tana neman yadda za ta goge muryar ta bar hoton, ta kasa. Haushin kanta ya kama ta, ta yi kuka mai isarta.

Washegari ta kira Ja'afar ta ce ya zo ya cire mata wata ƙara a cikin wani bidiyo, ba tare da ya saurara ba. Kuskurenta na biyu ke nan. Yana zaune a falo da kyamarar a hannu, yana bayanin cewa sai an kai kwamfuta, aka yi sallama. Fakhruddeen ne ya zo bankwana. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon labule.

"Kai, mutumin Madina!" in ji Ja'afar. "Zo ka ga kanka. Ashe kai ne abu mai nisan da aka hana ni sakat a kansa."

Kafin Nana ta miƙe ya danna. Iska ta buga, injin niƙa ya tashi, muryar ta biyo baya. Ja'afar, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi tsit, can ya ce bari ya duba ko ya bar wayarsa a waje, alhali tana aljihunsa.

Nana ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Fakhruddeen ya karɓi kyamarar, ya kalla har ƙarshe, ya mayar farko, ya kara ta a kunnensa. Bai ɗago ba.

"Yaya," ya ce a hankali, "a ba ni katin da ke ciki in tafi da shi."

"Me za ka yi da shi?" Muryarta ta fito da faɗa-faɗa, don ba ta san wata hanyar ba. "Ai ya lalace. Karatun ma bai fito ba."

"Karatun ina da shi, Yaya. Wannan ne ba ni da shi."

Ya buɗe ɗan murfin da ke ƙasan kyamarar, ya zaro katin, ya naɗe shi a hankici ya saka a aljihun ƙirji. Ya ajiye mata kyamarar a gefen tabarma, ya ce yana neman addu'a.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce wa labulen. "Yaron nan, a dinga cin abinci."

Sai da ta ji ƙarar ƙofar gida ta ɗauki kyamarar ta haye matakalar da ke bayan ɗaki da sauri, ta jingina hannu a katanga, ta murza. Babu kati a ciki, ta sani, ba abin da zai zauna. Ta dai bi farar rigarsa cikin kekuna da masu talla, tana jawo shi yana ƙara nisa, har ya sha kwanar masallaci.