Aron Riga Zuwa Asibiti

Jandira ta rantse ba za ta taka asibiti ba, tun ranar da a can aka karɓe jaririn wata da suke kwana tare a ƙarƙashin gada, wai titi ba wurin renon yaro ba ne. Sai ga jikin 'yarta Luzinete ya ɗau zafi kamar garwashi, rantsuwa kuwa ba ta sauke zazzaɓi.

Dona Zuleide mai sayar da dafaffiyar masara ta ara mata riga. "Ki ce a bayan shagona kike haya. Kuma ki daina zare ido kamar ɓarauniyar kaza, 'yar nan."

Da hantsi aka karɓe su a sashen gaggawa, aka sa wa yarinya ƙarin ruwa. Wata nas mai fara'a ta kawo wa Jandira kofi da burodi. Nan gabanta ya faɗi. Mata nawa ne a ɗakin, me ya sa sai ita? Ruwa ba ya tsami banza.

"Ci mana, maman yarinya. A ina kuke zaune?" in ji nas ɗin.

"Bayan kasuwa. Ɗaki ne har da famfo."

Wa ya tambaye ta famfo? Ta ji kamar ta mari bakinta. Ta ajiye burodin da yunwarta, don kada a ga yadda za ta cinye shi.

Ruwan ya kai rabi, yarinya ta buɗe ido. Daidai nan mai gadi ya leƙo da kakinsa, yana neman mai motar da ta tare ƙofa. Luzinete ta zabura ta hau naɗe zanin gado da hannu ɗaya, sauri-sauri, ta cusa shi a hammata, kamar yadda ta saba idan masu kaki sun zo korarsu daga ƙarƙashin gada.

"Mama, tashi, sun zo! Ɗauki kwalin kwanciyarmu!"

Nas ta dubi yarinyar, ta dubi uwar, ta fita.

Ƙofar waje a buɗe take, kuma Jandira ta iya gudu da goyo. Ta kai hannu za ta zare allurar, yatsunta suka taɓa fatar yarinyar. Har yanzu wuta.

Ta janye hannun. Tsoro ya cika ta fal, amma ta warware zanin ta lulluɓe 'yarta.

"Kwanta, uwata. Yau ba inda za mu."