Takardar da Aka Miƙa ta Bayan Labule

Shekara goma sha ɗaya ina aikin lauya, ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai a shari'ar Lubabatu.

Mijinta Ma'aruf canjin sefa yake yi a bakin iyaka, nan Illela. Da ya gaji da yawo da jaka, ya mai da jarinsa kaf kirifto, kuɗin nan da ke zaune a waya. Makullinsu kalmomi goma sha biyu ne, wanda ya riƙe su shi ne mai dukiya. Ya rubuta su a takarda ya ba ta ajiya, bai gaya mata ko mene ne ba. Halin mazanmu ke nan.

Ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu, kuma in ba gadon nan ba, ba ta da abin riƙe su. Tana cikin takaba wansa Halliru ya zo tattara kayan mamaci, kamar yadda aka saba. Baiwar Allah ta kwaso komai har da takardar, ta miƙa masa ta bayan labule, babu kowa a wurin.

Da ta gane abin da ta miƙa, ta zo wurina muka kai ƙarar Halliru. Na kai wa kotu bayanan asusun. Ga rana, ga minti: ranar sadakar bakwai da hantsi aka yashe shi tas.

Alƙali ya ce, "Barista, na ga kuɗi sun fita. Ina sunan wanda ya karɓa?"

"Allah ya gafarta Malam, irin wannan asusun ba ya ɗauke da suna."

"Shaidu fa?"

Na ce babu. Sai rantsuwa ta koma kan Halliru. Wallahi na zaci gabansa zai faɗi. Ina! Mutumin nan ya yi alwala a nitse, har da tsefe gemu, ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa ganin wata takarda ba.

Aka kori ƙarar. A waje ya tare mu, yana fara'a.

"Lubabatu, da mi za ki ci da su yanzu? Haɗa wa yaran kayansu, bayan la'asar mota za ta kai su gidana Lafani. Akwai aiki a gona."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kada ki yarda, doka ta ba ki riƙonsu."

Ta dube ni, idonta a bushe. "Barista, dokar ta ba ni gero?"

Ita da kanta ta ɗaure musu kayan, ta kuma ce ƙaramar ta daina kuka kada baffanta ya ji haushi.