Idon Hagu na Tsawa

A gidan burodin da ke bayan tashar mota, Baban 'Yan Biyu aka san shi, mai sauke buhunan fulawa, wanda in ka yi masa magana ta hagu sai ya juyo da dukan jikinsa. Kaɗan ne suka san cewa shi ne Tsawa, tsohon zakaran damben boksin.

Damina ɗaya ya riƙe kambun. A ɗan tsakanin nan hotonsa ya hau jikin motocin haya, dangin da bai taɓa jin labarinsu ba suka tsiro kamar ciyawa. Sai wani mai dogon hannu ya shimfiɗe shi, aka kwance kambun daga ƙugunsa, kowa ya kama gabansa. Aka bar shi da idon hagu mai gani dishi-dishi da harshe mai nauyi.

Wata rana da hantsi Dillali, mai shirya wasannin dambe, ya same shi yana karkaɗe fulawa daga riga.

"Ashe kana nan, Tsawa. Akwai wani matashi da muke ɗagawa, Kunama. So muke ya kara da mai suna."

"Sunan nawa yana nan har yanzu?"

"Haba. Komai ramar giwa ai ta fi kwando goma."

Tsawa ba yaro ba ne, ya san tsani ake nema wa Kunama. Amma kalmar nan, mai suna, ta zauna masa a ƙirji ta ƙi tashi.

Matarsa tana kan keken ɗinki ya faɗa mata. Ta ɗauke ƙafa daga keken.

"Baban 'Yan Biyu, ɗazu da safe shayi ka zuba a gefen kofi. Da wane idon za ka ga naushi?"

"'Yan biyu ba su taɓa ganina a dandali ba. Da fulawa a ka suka san ubansu."

"Gara fulawar. Wancan karon ni na wanke jinin kunnenka, ba Dillali ba."

Duk da haka ya karɓi tayin Dillali. Ranar wasan matarsa ta guge masa gajeren wandonsa, amma ba ta je ba, ba ta kuma bar yaran sun je ba.

Rabin kujerun zauren babu kowa. Da aka kira sunansa wasu dattawa a baya suka tafa. A zagayen farko ƙafafunsa suka tuna aikinsu, har ya sami Kunama da hannun dama a haƙarƙari, ya ji wani daɗi da ya manta ɗanɗanonsa. A na biyu naushi ya zo ta hagu, bai gan shi ba sai da ya sauka. Wani ya biyo, shi ma haka. Suka rungumi juna a jikin igiya, sai matashin ya kawo baki kusa da kunnensa.

"Baba, idon nan ba ya gani, ko?"

"Yi dambenka."

"Wallahi ba zan iya ba. Ba a faɗa min ba."

Daga nan Kunama ya koma dukan safar hannu da kafaɗa, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. 'Yan kallo ba makafi ba ne. Aka fara fito, wani ya ce a bar tsoho ya je ya kwanta, aka kwashe da dariya. Tsawa ya sauke hannuwa ya miƙa haɓa.

"Buge ni, don girman Allah," ya ce. "Buge ni in faɗi kamar ɗan dambe."

Matashin ya ja da baya yana girgiza kai. Alƙalin wasa ya shiga tsakani ya tsayar da wasan. Kunama, da kyakkyawar niyya, ya kama hannun Tsawa ya ɗaga sama. A duk dukan da ya sha a duniya babu wanda ya shige shi kamar wannan.

A gida matarsa ta juya fuskarsa dama da hagu, ta ga ko kumburin kirki babu, ta yi hamdala. Yaran suka rataye a wuyansa suna tambaya ko ya ci.

"Ba a yi damben ba," ya ce.

Kafin shekara ta zagayo idon ya mutu gaba ɗaya. Mai gidan burodi ya ɗauke shi daga sauke buhu, ya ba shi benci yana ƙulle burodi a leda. Can wata rana ya ji a rediyon ma'aikata cewa Kunama, wanda ya ɗauki kambu bai jima ba, an fitar da shi daga dandali a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Tsawa ya wanke hannu ya sa riga, ya fita har tasha da niyyar zuwa asibiti ya duba shi. Ya daɗe tsaye motoci suna cika suna tashi, yana neman abin da zai ce wa yaron in ya isa. Bai samu ba, ya koma kan bencinsa.