Kilishi a Wutsiyar Jirgi

Malam Moutari ya ɗaga murfin da ke kan hancin jirgin ya leƙa ciki. Rami ne dogo har wutsiya, babu komai sai wasu siraran wayoyi kwance a gefe.

"Miƙo min kilishin nan," ya ce da matarsa.

Hajiya Raliatou na tsaye a bakin magazarsu ta ajiyar kaya a Saint-Denis, riƙe da leda. "Malam, yarinyar nan fa cewa ta yi kada a taɓa cikinsa."

"Cewa ta yi kada a ja waya. Waya na ja? Kin taɓa ganin na aika tukunya Maraɗi cikinta fanko? Abu mai rami in ba a cika shi ba, hanya ce za ta lotsa shi."

Sana'arsa ke nan tun zuwansa Paris, ɗaure kayan mutane ya tura gida. Sabulu a cikin takalmi, atamfa a cikin kula. Ya soma da ƙulli ɗaya na kilishin da Hajiya ta sayo wa ƴarsu a unguwar Goutte d'Or, ya tura shi da sandar tsintsiya har ya ji ya zauna. Sauran suka bi baya, ya toshe da tsofaffin riguna.

Jirgin na Kadidiatou ne, ƴarsu ta fari, mai karatun injiniya a Villeurbanne, kusa da Lyon. Planeur take ce masa, jirgi marar inji, wanda ake sarrafawa daga ƙasa da rediyo a hannu. Ɗakinta na ɗalibai ko fiffike ɗaya ba zai ɗauka ba, shi ya sa duk hutun bana a magazar nan ta yi shi, tana goge katako, tana shafa gam, gashin girarta fari da ƙura. Yau da la'asar za a tashe shi karon farko a wani fili bayan Lyon. Jirgin ƙasa ba ya karɓar kaya mai wannan tsawo, sai Moutari ya ce shi zai kai a motarsa ta kaya. Abin da ya iya ke nan a cikin karatunta duka.

A hanya ta kira shi sau da yawa. "Baba, ça va? Ba ka ɗora komai a kansa ba ko?"

"Ko kuɗa bai sauka a kansa ba. Ki ci abinci dai."

Da ya kusa Lyon ya tsaya a wurin hutawar matafiya, ya yi azahar a gefen mota, sannan ya buɗe baya don ya kwashe kayan kafin ta gani. Riguna suka fito, ƙullin kilishi suka fito. Na farkon ne ya ƙi. Ya haska da telefon, ya hango ledar tana ƙyalli can inda ramin ya tsuke. Ya karkata jirgin, ya bubbuga a hankali, ya zura hannu har kafaɗa. Ko motsi. Ya daɗe tsaye, motoci na wucewa. A ƙarshe ya ce a ransa ai kilishi ba nauyi gare shi ba, ya mayar da murfin.

Filin ciyawa ne mai faɗi, da ƴar rumfa da tutar nuna iska. Kadidiatou ta taho da gudu, mayafinta na tashi. Ta ɗan rusuna ta gaishe shi, ta tambayi Mama da hanya, amma idonta na cikin motar. Tare da ita akwai Nicolas, abokin karatunta da ya haɗa wayoyin jirgin, da Madam Christine, wata dattijuwa mai kula da filin. Ƙaramin jirginta mai inji shi ne zai ja na Kadidiatou da igiya zuwa sama ya sake shi.

Suka shimfiɗa bargo. Aka zura baƙin bututu ta tsakiyar jirgin, aka soka fiffike dama da hagu. Da aka gama, faɗinsa ya fi tsawon motar Moutari. Kadidiatou ta motsa sandunan rediyonta, gefen fukafukan suka ɗaga suka sauka kamar abu mai rai. Moutari ya ji ƙirjinsa ya cika. Wannan fa ita ce yarinyar da ya riƙa kaiwa lakwal, wato makaranta, a kafaɗa.

"Saura awo," in ji Madam Christine da Faransanci.

Kadidiatou da Nicolas suka tsaya kowa a gefensa, suka sa ƴan yatsu a ƙarƙashin fiffike daidai inda aka yi ɗigon alama, suka ɗaga. Jirgin ya yi ɗan lilo, sai wutsiyar ta sauka a hankali ta taɓa ciyawa.

Suka sake. Wutsiyar ta sake sauka.

"Kin ce kin auna shi a Paris," in ji Nicolas.

"Na auna. Daidai yake, har hancin na ɗan sunkuyawa."

"To ko lissafin ne, Kadi? Na gaya miki fentin wutsiyar nan ya yi kauri."

Kadidiatou ta durƙusa ta buɗe murfin, ta duba batir, ta duba darmar da ta manna a hanci. Moutari ya matsa baya, ya shiga gyara igiyoyin mota da ba su buƙatar gyara. Faransancinsa na kasuwa ne, amma ya isa ya gane abin da ake faɗa.

"Ba abin kuka ba ne," in ji Madam Christine. "Kowa ya taɓa kuskuren awo. Ƙara darma a hanci."

Aka ƙara. Wannan karon jirgin ya tsaya cak a kan yatsunsu. Moutari ya saki numfashi, ya yi hamdala a zuci. Ashe abin mai gyaruwa ne.

"Kin tabbata dai komai a ɗaure yake a ciki?" Madam Christine ta tambaya tana warware igiyar ja. "Abu ɗaya ya gusa a sama, shi ke nan, sai dai mu zo da buhu mu tsince shi."

"Komai a manne yake. Da hannuna na yi."

Aka tura jirgin kan layi, aka maƙala igiya a hancinsa. Injin ƙaramin jirgin ya tashi. Moutari ya tuna yadda kaya ke zama daram a magaza, a isa tashar jiragen ruwa ta Lomé a tarar sun koma wani gefen. Ya ce a ransa ledar da ta ƙi hannunsa ba za ta bi iska ba. Ya dubi ƴarsa, ta rataya rediyo a wuya, leɓɓanta na motsi da bisimilla.

"Kadidiatou."

"Baba, minti ɗaya."

"Zo nan. Yanzu."

Ta ɗaga wa Madam Christine hannu, ta zo. Ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, idonsa a kan takalminta. Ya gaya mata kilishin, da sandar tsintsiya, da tsayawar da ya yi a hanya.

Ta tsura masa ido har sai da ya ɗago.

"Tun ɗazu kana ji ana cewa ban iya lissafi ba, Baba."

"Ina ji."

"Kana ji."

"Bari in je in gaya musu da bakina. Ni na yi."

Ta girgiza kai. Ta juya ta koma wurinsu, ta yi alama a kashe inji. Filin ya yi tsit, muryarta ta iso har inda yake.

"Ku yi haƙuri. Na tuna yanzu, na cusa wani abu a wutsiya don kada ta lotse a hanya, na manta ban cire ba. Laifina ne."

Madam Christine ta haska ramin da tocila, ta ce ledar ta naɗe da wayar da ke juya wutsiya, sai an yanka jikin jirgin kafin ta fito. Yau babu tashi. Ta ƙara da cewa wanda zai tashi jirgi mai wannan girma a filinta, ya kamata ya san abin da ke cikinsa. Kadidiatou ta ce, "Oui, madame," ta durƙusa ta soma zare fiffike.

Moutari ya matso ya kama ɗaya bakin. Ba ta hana shi ba, ba ta kuma dube shi ba. Suka ɗauka tare zuwa mota. Nicolas ya biyo su da ɗayan, yana shafa farin fentin da tafin hannu.

"Amma Monsieur, gaskiya kun iya ɗaukar kaya," ya ce. "Daga Paris har nan, ko ƙwarzane babu."

Moutari ya buɗe baki. Kadidiatou ta ɗago ido ta dube shi ta saman fiffiken.

"Merci," ya ce.