Waƙa ta Uku a Faifan Taiane

Ranar Juma'a faifan ƙanwata Taiane ya fito. Kafin Litinin wani ɗan jarida a São Paulo ya rubuta cewa ta watsar da samba, kiɗanmu na gida, ta koma waƙar rawar yara. Oho dai! Mu a Salvador masu tura keken kofi muke saurara, abin da lasifikarsu ta ɗauka shi ne ya karɓu. Safiyar nan kuwa keke huɗu na ƙirga daga gida zuwa bakin teku, kowanne waƙa ta uku yake saki. Na yi ta tsalle a titi kamar ba uwar 'ya'ya ba.

Amma fa da sauran rina a kaba. Shekara biyu ke nan mamarmu, Dona Zuleide mai akaraje, wato ƙosan manja, ba ta yi wa Taiane magana ba, tun da ta bar karatun jinya ta bi kiɗa. Saƙon murya ɗaya tak Mama ta tura mata, shi ma faɗa ne. Shi yarinyar nan ta yanka ta mayar amshin waƙa ta uku: "Waƙar za ki ci, ja'ira?"

Taiane ta kira ni. "Yaya Neide, Mama ta ji?"

"Yanzu za ta ji. Ke ma dai ba ki da tsoro!"

Na iske layi a rumfar Mama har ya sha kwana. Tana cikin farin bujenta tana sakin ƙullin wake a manja, sai ga Seu Valdomiro mai kofi ya turo kekensa ya tsaya daidai gabanta. Tsohon nan bai iya barin abu ya kwana ba.

"Dona Zuleide, ashe tauraruwa ke soya mana!"

Ya ƙure sauti. Ganga ta tashi, muryar Mama ta fito tar, layin kaf ya ɗauka da tafi: "Waƙar za ki ci, ja'ira?" Wata mata har da juyi, miya na zuba a hannunta.

Mama ba ta ɗago ba. Sai da waƙar ta ƙare, akarajen da ke cikin kasko ya yi baƙi ƙirin. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin ta ƙona ko guda ba.

"Maimaita," in ji ta.

Ya maimaita. Ta goge hannu ta ce, "Ba ni wayarki, Neide."

Ta danna, ta fara ɗaukar saƙon murya.

"Taiane, ni ce. Numfashinki na yankewa a baiti na biyu, ba kya cin abinci. Ranar Lahadi zan jiƙa wake har da rabonki." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Wannan kuma idan na ji shi a waƙa, sai na karya ki."